FILIN AMSA TAKARDUN MASU SAURARO: A Sake Ɗaure Injin Tsohuwar Fijo, Ko A Ɗora Mata Wani?

A wannan mako takarda ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo, kuma mun tabbata ba mai ita kaɗai abin yake damu ba. Masu sauran takardu sai ku ƙara haƙuri, suna nan a jere, babu wadda ta ɓata.

TAMBAYA: Takardar ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, direba, mazaunin Banga a cikin Ƙaramar Hukumar Ƙaura Namoda ta Jihar Zamfara. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce yana da akori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da ya gada daga mahaifinsa. Da ita yake ɗaukar gero da dawa da wake zuwa Ƙaura, ran Alhamis ya ci kasuwar Shinkafi, wani lokaci kuma ya leƙa Zurmi. Ya ce yanzu motar ta rasa ƙarfi, tana shan baƙin mai kamar kunu, tana fitar da hayaƙi, ɗan tudun da a da take haye shi da giya ta uku yanzu sai ya dawo ta ɗaya. Sau biyu kuma ta mutu masa a hanya rana tana shirin faɗuwa. Ya sayar da sa guda da wani abu daga amfanin gona, ya haɗa kuɗin da ba zai iya sake haɗa irinsu ba nan kusa. Wani bakanike ya ce a sauke injin a sake ɗaure shi, wani ya ce ɓata kuɗi ne, a sayo na Beljiyam, abokansa na tasha kuma suka ce ya ɗora mata injin Toyota ko na dizal ya huta. Shi ne yake tambaya, wace hanya ce za ta ba motarsa ƙarfi?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sa albarka a abin da ya bari. Mun kai tambayarka wurin tsofaffin kanikawan Fijo, mun kuma haɗa da abin da aka sani game da ƙirar motar, ga abin da ya samu.

Da farko dai motarka ba abar rainawa ba ce. A Faransa aka fara fito da 504 a 1968, sannan kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. A wannan shekara ta 1975 ɗin ne ma 504 ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya, gasar da ake yi cikin ƙura da taɓo da duwatsu. Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har zuwa wajen 2006, shekaru da yawa bayan Turawa sun daina yayinta. Ka ga ke nan ko da motarka tana cikin na ƙarshe da suka fito, ta kama hanyar shekara 20, in kuwa ta zamanin samartakar mahaifinka ce, to ta ba 30 baya. Injin da ya yi wannan bauta a hanyoyin Ƙaura da Moriki da Shinkafi, in ya ce ya gaji ba ƙarya ya yi ba.

Kafin a zo ga zaɓi, ya kamata mu san daga ina ƙarfin inji yake fitowa. A cikin injin motarka akwai ramuka huɗu da ake kira silinda, kowanne da fiston da ke hawa da sauka a ciki. Fiston ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tunkuɗa shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan tunkuɗar ita ke juya karanshaf, shi kuma ya miƙa wa giya, har abin ya kai ga taya. Idan injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowace silinda tana fashewa sau 25 a daƙiƙa guda. To asirin duka yana wurin matsewar nan. Ka dubi zugazugin maƙeri: in fatar lafiya lau take, ɗan dannawa kaɗan sai wuta ta tashi, in kuwa ta huje, yaro zai yi ta zuga har ya yi gumi garwashi bai yi ja ba. Haka inji yake. Zoben da ke jikin fiston, wanda kanikawa ke ce wa ringi, shi ke toshe tsakanin fiston da bangon silinda. Idan ya cinye, iska ta riƙa zurarewa ƙasa, baƙin mai kuma ya riƙa hawowa sama yana ƙonewa tare da fetur. Rashin ƙarfin da kake gani da shan baƙin mai, yawanci ciwo ɗaya ne mai fuska biyu.

Amma kada ka yarda a sa wa injin sifana tukuna. Sau da yawa an sauke inji a banza, alhali abin da ke damun motar bai kai kuɗin buhun gero ba. A fara duba matatar iska, domin ƙurar hunturu ta arewacin Zamfara tana iya toshe ta cikin 'yan makonni, injin da ba ya shaƙar iska kuwa ba ya ja. A duba fulogi da kwantak da taimin, a saita bawul, a wanke kafireta. A duba ko kuloci yana sulɓewa: in ka taka totur a kan tudu ka ji inji yana ihu amma motar ba ta ƙara sauri ba, to laifin na kuloci ne. A ɗaga kowace ƙafa da jak a juya taya da hannu, a ga ko birki yana riƙewa. Har salansa da ta toshe tana shaƙe mota.

Hayaƙin ma yana magana, kai ne ba ka gaya mana launinsa ba. Baƙin hayaƙi, fetur ne ya yi yawa, aikin kafireta ne ko matatar iska. Shuɗi-shuɗi mai ƙauri, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa ko bayan inji ya ɗumama, ga ruwan lagireto yana raguwa, wannan ruwa ne ke shiga silinda, galibi gasket ya ƙone. Bayan haka akwai wani ɗan agogo da ake cusawa a ramin fulogi a auna matsin kowace silinda. In babu shi a garejin da kake zuwa, ka nemi mai shi a Ƙaura ko Gusau, kilomita wajen 60 ne kawai tsakaninsu. Ana so silinda huɗun su ba da awo kusan ɗaya. Wadda ta gaza, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. In awon ya tashi, ringi ne ya mutu, domin man ya ɗan toshe kafar. In bai motsa ba, sai a tuhumi bawul ko gasket, wannan kuwa kan inji kaɗai za a cire, ba sai an sauke shi gaba ɗaya ba. Aikin rabin awa ne, amma shi zai gaya maka inda kuɗin sanka za su tafi.

To mu ɗauka an auna, an tabbatar injin ya gaji. Sai batun sake ɗaure shi, abin da ake kira obahol. A nan masu Fijo suna da wata gata da ba kowa ke da ita ba. A yawancin motoci ramin silinda a jikin gangar injin aka fafe shi, in ya cinye sai an kai wa masu injin gyara su ƙara masa faɗi, a sayi fiston mai girma, kuma akwai iyakar yadda za a yi ta fafewa. Injin 404 da 504 kuwa kowace silinda kwarkwaro ce ta ƙarfe da ake zarewa, wadda ake kira silif, ruwan sanyaya inji yana zagaye ta kai tsaye. Sai a zare tsofaffin huɗun, a zura sababbi tare da fiston da ringinsu, injin ya koma awonsa na ranar da ya bar Kaduna. Wannan na cikin dalilan da suka sa Fijo ta daɗe a ƙasar nan, har ana yi mata kirarin ba ta mutuwa sai dai mai ita ya gaji.

Sai dai aikin yana da wuraren da ake yin asara, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Na farko, gindin kowace silif akwai abin da ke hana ruwa gangarawa cikin baƙin mai, kuma bakin silif ɗin dole ya ɗan ɗago bisa gangar inji daidai gwargwadon awon da kamfani ya tsara, don gasket ya danne shi. In aka yi wasa da wannan, mako biyu ba za a yi ba za ka zare sandar awon mai ka gan ta fari-fari kamar an dama fura, wato ruwa da mai sun haɗu. Sannan karanshaf, dole a kai shi a auna. In ya zaizaye, masu injin wanki su rage shi da abin da bai kai kaurin farce ba, a sayi metal daidai da sabon awon. Sabon metal a kan karanshaf mai tabo kamar sabuwar riga ce a kan ƙaya. Kan injin kuma, wato tof-silinda, na alminiyam ne, idan mota ta sha tafasa yakan lanƙwashe. Ana kankare shi ya daidaita, amma kowace kankara tana ƙara matsi. Wasu suna murna da haka wai mota za ta ƙara gudu, to kaɗan ne ke da amfani. In ya yi yawa, musamman da irin fetur ɗin da akan saya a galan a bakin hanya, za ka riƙa jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka a tudu, wannan ƙarar kuwa fiston take ci. A duba famfon baƙin mai da sarƙar taimin tunda an riga an buɗe. A ɗaure kusoshin kan inji da sifana mai awo, bi da bi yadda aka tsara, ba da ƙarfin damtsen yaron gareji ba.

Akwai kuma abin da na sha gani da idona, yana ba ni takaici. Za ka tarar an baje cikin inji a kan tsohon buhu a gindin bishiya, iska tana kaɗawa, an wanke karanshaf da fetur an ajiye shi a kan rairayi. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a hanyar mai ta isa ta cinye sabon metal cikin wata guda. Bakanike mai tsabta, wanda ke rufe kayansa, ya fi mai baki. Ka je da kanka a sayo kaya, ko ka tura wanda ka amince da shi, domin jabu ya cika kasuwa, kwali ɗaya ne amma ƙarfen ciki daban. Araha dai ba ta ado. Ka kuma ce a ba ka tsofaffin kayan da aka cire ka tafi da su gida, ba don zargi ba, don kowa ya san an canza.

In an gama, injin jariri ne. Kilomita 1,000 na farko ban da cika lodi, ban da gudu, ban da barin mota tana nishi a babbar giya. Daga nan a zubar da baƙin mai, a canza matatarsa, a sake bin kusoshin kan inji, a sake saita bawul. Na san wannan shi ne mai wuya, mutum ya kashe kuɗi, ga kaka ta yi, ga lodi yana kira. Amma yawancin injinan da ake cewa bakanike ya cuci mai su, a makon farko aka kashe su.

Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce, obahol ba ya ƙara wa inji ƙarfin da ba a haife shi da shi ba. Abin da ya ɓata ne yake dawo masa da shi. Amma wanda ya shekara biyar yana tuƙa gajiyayyen inji, ran da ya hau sabon ɗauri zai rantse an sauya masa mota.

In kuwa ƙarin ƙarfi na haƙiƙa kake nema, to duba cikin dangi tukuna. Peugeot ta yi wa 504 injin fetur iri biyu da suka fi yawa a nan: mai cc 1,796 da mai cc 1,971, wato abin da ake ce wa 1.8 da 2.0. Tsawon tafiyar fiston ɗaya ne a dukansu, milimita 81, faɗin silinda ne ya bambanta, ɗaya 84 ɗaya 88. Milimita huɗun nan kaɗai, in ka yi lissafi, sun ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da inji ke zuƙa, ƙarfin dawakai kuma ya tashi daga wajen 80 zuwa 90 da 'yan kai. Wasu 505 ma irin wannan inji na 1,971 suke ɗauke da shi. In naka ƙaramin ne, ɗora babban shi ne canji mafi sauƙi da za ka yi, domin uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba sai an yanka ko an yi walda mai yawa ba, kuma duk bakaniken Fijo daga Gusau har Shinkafi ya san cikinsa. Ka sa a duba lambar da ke jikin injinka a gaya maka wanne ne.

Wannan ya kawo mu ga batun Beljiyam. Sunan ya samo asali ne bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota da sababbin kayan gyara suka fi ƙarfin talaka. Sai aka koma shigo da tsofaffin motoci da injina daga Turai, ta tashar Legas da ta Kwatano, su bazu zuwa Ladipo a Legas, Fanteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. A wancan lokaci injin Fijo na Beljiyam abin so ne, domin Bature ya tuƙa shi a kan kwalta mai santsi, ba ƙura, ba lodi. To amma Malam, mu yi lissafi. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983, 505 ma ta tsaya a farkon shekarun 1990. Yau daga wace Turai ake ta kwaso injinan 504 masu ɗanyen jini? Ban ce babu ko ɗaya ba, amma da yawa daga abin da za a nuna maka da sunan Beljiyam, a nan ƙasar ya yi aikinsa ya gama, aka wanke shi da kananzir aka fesa masa fenti. Kana iya sayen injin da ya fi naka gajiya.

In dole sai ka saya, ka tafi da bakaniken da zai ɗora shi, don kada gobe mai kaya ya ce laifin ɗauri ne, mai ɗauri ya ce laifin kaya ne, kai kana tsakiya. A tayar da injin a gabanka a ƙasa, ka ji muryarsa, ka ga hayaƙinsa. A buɗe murfin zuba baƙin mai a leƙa, in akwai daskararren baƙin laka to ba a kula da shi ba. A cire fulogi a gani, a auna matsi da agogon nan. In mai kaya ya yarda a kwance kaskon mai na ƙasa, a laluba ko akwai garin ƙarfe. Kuma a rubuta a rasiɗi kwana nawa aka ba ka na gwaji, da lambar injin, da sunan shago. Alkawarin baka a kasuwa, in ka juya baya ya bi iska.

Saura shawarar abokanka na tasha, ta a ɗora mata injin wata mota daban. Ana yi, kuma akwai waɗanda suka dace. Injin Toyota yana da juriya, kayansa kuma sun fi na Fijo samuwa a yau, ba mai musun wannan. Amma inji ba shi kaɗai yake tafiya ba. Kujerun da zai zauna a kai sai an yanka an yi walda, ga shi injin Fijo a kishingiɗe yake ta gefe ɗaya, gurbinsa ba irin na kowa ba ne. Bakin giyarka ba zai haɗu da bayan baƙon inji ba, sai dai a ƙera farantin da zai haɗa su, ko a sayo injin da giyarsa. In an sauya giya, sai an taɓa farfela, wato sandar da ke kai juyi zuwa ƙafafun baya, in kuwa ta ɗan karkace ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa karkarwa tana cin kayan ƙasa. Lagireto da tiyo da salansa da wayoyi, kowanne sai an yi masa dabara. Kuɗin injin da aka faɗa maka a tasha, ƙofar shiga ce kawai. Daɗin daɗawa, injinan zamani masu injekta suna aiki ne da ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayoyi barkatai. In mai wayarin bai iya ba, sai ka ji an ce a cire a mayar da ita kafireta, nan take kuma wani kaso na ƙarfin da sauƙin shan man da ka biya kuɗi dominsu sun tafi. 'Yan'uwanmu masu Golf da ke jigilar fasinja a wannan hanya sun san wannan labari sarai. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da irin wannan mota mai uwa daban uba daban ta tsaya a ƙauye: bakaniken Fijo ya ce ba tasa ba ce, na Toyota ya ce bai san wannan haɗin ba, wanda ya haɗa ta kuwa yana Kano.

Dizal kuwa, Peugeot da kanta ta yi wa 504 injin dizal, har da mai cc 2,304. Dawakansa ba su kai na fetur ba, wajen 70 ne, amma yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, irin na ingarman raƙumi, kuma litarsa tana kai mota nesa fiye da ta fetur. Don ɗaukar kaya yana da kyau, don gudu kuwa a'a, saboda ba ya juyi da sauri kamar na fetur, in ba a sauya haƙoran aksil na baya ba za ka ji yana ihu motar ba ta wuce inda take ba. Ya fi nauyi, yana son babban batir da lagireto mai kyau, famfonsa kuma in ya sha gurɓataccen mai gyaransa ba na gindin bishiya ba ne. Ka tuna kuma yadda farashin dizal ya yi tashin gwauron zabi a 2022.

Tunda an zo maganar mai, sai a yi lissafin aljihu. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, kowace lita ta zama abin ƙirgawa. Mu ɗauka, misali kawai, babban injin da ka ɗora ya ƙara maka lita 3 a kowace tafiyar kilomita 100, kana kuma yin irin wannan tafiya sau 4 a mako. Lita 12 ke nan a mako, sama da 600 a shekara. Ka buga da kuɗin lita a gidan man da kake sha, ka gani ko ƙarin buhunan da za ka ɗauka za su biya.

Akwai wata magana da ba ka rubuta ta ɓaro-ɓaro ba, amma na karanta ta a tsakanin layukan takardarka, inda ka ce ta mutu maka sau biyu da yamma. Duk wanda ya san halin da hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, ya san abin da ke ran direba in injinsa ya yi tari a tsakiyar daji. Wasu direbobi suna neman babban inji ne don su riƙa tsala gudu su fice. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma abin da zai fi yi maka amfani a wannan hanya shi ne motar da ke tashi bugu ɗaya, ba ta tafasa, ba ta yanke mai, kuma ka san ciwonta in ta yi. Akori-kura mai lodi ba za ta zama motar tsere ba ko injin jirgi aka sa mata. Gudun kuma yana da nasa haraji: in ka ninka sauri sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninku sau huɗu. Daga 80 zuwa 110 kaɗai, ya kusa ninkawa biyu. Birkin da sifirin da tayoyin motarka an yi su ne don tan ɗaya da 'yan kai, wato buhu 10 zuwa 12 na masu kilo 100. Kai ka san buhu nawa kake ɗora mata ran kasuwa, ni ma na sani, ba sai mun faɗa a rediyo ba. Wani ɓangare na rashin ƙarfin da kake kuka da shi yana bayan motar ne a ɗaure da igiya.

Kada kuma a manta da hukuma. Lambar inji tana cikin takardun motarka. Ran da ka ɗora wani inji, takarda ta ce abu kaza, ƙarfe ya ce abu kaza, a shingen bincike kuwa wannan ya isa a ajiye ka, in ba a yi sa'a ba ma injin ya zamana na motar sata ne, ka shiga abin da ba ka ji ba ka gani ba. Ka riƙe rasiɗi, ka je ofishin lasisin motoci da na jami'an duba lafiyar mota, wato VIO, a shigar da sabuwar lambar a takardunka tun kafin ka fara lodi. Wanda ya sake ɗaure injinsa na asali, wannan wahala ba ta same shi ba.

To Malam, da ni ne kai, ga yadda zan yi. In kai ta a auna matsi. In gangar inji ba ta tsage ba, karanshaf kuma yana da sauran abin ragewa, in sake ɗaure shi da kaya masu kyau a hannun bakanike mai tsabta. In gangar ta tsage, ko kuwa aka tarar ƙaramin inji ne ga shi kuma ana samun na 1,971 mai lafiya da aka tayar a gabana, sai in ɗora shi. Baƙon inji sai in duk waɗannan sun gagara, kuma sai a hannun wanda na ga motar da ya haɗa ta shekara tana aiki, na yi magana da mai ita. Kowacce hanya na bi, ba zan zuba kuɗin duka a inji ba. Zan ware kamar kashi ɗaya cikin uku don a wanke lagireto ko a canza shi, a sa sabon fanbel da tiyo, a gyara birki, a sayi ko da taya biyu ne. Sabon inji a bayan toshasshen lagireto, a watan Afrilu, kan hanyar Shinkafi, ba zai ga damina ba.

A ƙarshen takardar ka tambaya ko gaskiya ne in an zuba baƙin mai mai kauri sosai, ko wani magani na gwangwani, hayaƙin zai tsaya. Zai ragu na 'yan kwanaki, domin mai kaurin yana ɗan toshe kafar da ringi ya bari, masu shirin sayar da mota ma da shi suke rufe ido. Amma da sanyin asuba na hunturu irin wannan mai ba ya saurin hawa sama, sai inji ya yi ta gogayya a bushe kafin ya iso. In don ka lallaɓa ta zuwa gareji ne, babu laifi, amma kada ka yi kaka da shi.

Muna jiran takardarka ta biyu, ka gaya mana abin da agogon ya nuna a silinda huɗun, da launin hayaƙin. A gai da mutanen Banga da direbobin tashar Ƙaura baki ɗaya. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki takardar wani mai sauraro daga Zurmi da ke tambaya a kan mayar da injin ban-ruwa ya koma aiki da iskar gas. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.